Saura Gilashi Ɗaya

Ruwan farko na bana ya sauka ne ranar Talata da la'asar. Ban gama kwashe shanya ba wayata ta hau ƙara. Rahila ce, 'yata ta fari, daga Abuja.

"Mama, an yi muku ruwa! Ya kusa inci ɗaya."

Na ce, "Ikon Allah. Ni da zanena ya jiƙe sharkaf a Anguwan Rukuba, ke da kike Abuja ce za ki ba ni labari?"

Ta yi ta dariya. Duk aikin wata na'ura ne da ta kawo mini bara, ta sa aka kafa a kan bututun ƙarfe a bayan gida. Ma'aunin ruwan sama ne irin na zamani. A cikinsa akwai wani ɗan abu kamar cokali mai baki biyu: in wannan gefen ya cika sai ya tuntsure ya zubar, wancan ya tara, na'urar kuma tana ƙirga kowace tuntsurawa ta aika wa waya, tawa da tata. Ba zan yi mata sharri ba, tana da amfani. Tana faɗin ƙarfe nawa ruwa ya fara, ƙarfe nawa ya ɗauke, kuma ba sai na ja gwiwoyin nan nawa cikin taɓo ba. Sau ɗaya dai zanzaro ya yi gini a maƙogwaronta, aka tafka ruwa har lambatu ya cika, ita kuwa ta rantse ko ɗigo bai sauka ba. Wani lokacin kuma batir ya mutu ana tsakiyar damina. Amma ba waɗannan ne suka tsaya mini a rai ba.

Ranar da aka kafa ta na tambayi Rahila, "Ruwan fa, ina yake zuwa?"

"Zubar da shi take yi ta ƙasa."

"Duka?"

"To me za ki yi da shi, Mama?"

Na waiwaya gefe. Taku goma daga bututun nan akwai wani tsohon ma'auni na tagulla da ya yi kore-kore don tsufa. Na surukina ne, Baba Pam. Shi ba ya zubar da ruwansa, sai ka je da ƙafarka ka karɓa.

An kawo ni gidan nan wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin bayanmu ba gidaje ba ne, gonaki ne da duwatsu da shingen ƙerana har inda ido ya tsaya. Mijina Bitrus makanike ne a wani gareji a Laranto, ya fita da sassafe sai yamma liƙis. Saboda haka da iyayensa nake wuni. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Ngo, gajeriyar mace ce mai zafin nama da zafin baki. Baba Pam kuwa dogo ne, kalmominsa a rana ba su cika tafin hannu ba.

Baba ya yi shekaru yana aiki da wani kamfanin kuza, amma bai taɓa riƙe shebur ba. Aikinsa shi ne kowace safiya ya auna ruwan sama ya rubuta ya kai wa ogansu Bature, don su san yadda za su yi da madatsun da ake wanke kuza. Da harkar ta fara mutuwa aka sallame su, ogan ya ce kowa ya ɗauki abu ɗaya a ofis. Wani ya ɗauki kujera, wani fitilar aci-bal-bal. Baba ya rungumo ma'auni. Ngo ba ta taɓa yafe masa ba. Ko baƙi aka yi sai ta ce, "Mazan mutane sun kawo abin zama, nawa ya kawo mini gwangwani."

Tsayin gwangwanin bai wuce gwiwa ba. A sama mazurari ne, a ciki kwalba. Sai wani siririn gilashi mai layi-layi da ake juye ruwan a ciki a karanta, cikinsa ɗaya rabin inci ne. Gilashin nan cikin tsohuwar safa yake kwana, a akwatin Baba, gefen Littafi Mai Tsarki.

Kafin in zo, yanar ido ta riga ta rufe wa Baba gani. Yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Da ya ji na gama firamare sai ya ce, "Yauwa. Allah ya kawo mini ido." Ni da nake tsammanin daka da wanke-wanke ne aikina, sai ga ni ana koya mini aikin kamfani. Ƙarfe bakwai daidai, da an kaɗa ƙararrawar makaranta. A ɗora gilashi kan shimfiɗaɗɗen dutse. A durƙusa har ido ya yi daidai da ruwan. A karanta tsakiya, ba gefen da ya ɗan hau jikin gilashi ba. A rubuta da fensir, in ba a yi ruwa ba a rubuta babu, kada a bar layin haka. In na gama sai in kai masa. Ya zura tsinken tsintsiya a ciki, ya zaro, ya shafa da yatsa ya ji inda danshi ya tsaya. Daga nan ya tsiyaya ruwan a tafin hannu ya wanke idonsa. Bai taɓa cewa zai warke ba. Cewa yake wannan ruwa bai taɓa kwanon rufi ba, bai taɓa ƙasa ba, sanyinsa daban ne.

Dokarsa ɗaya ce, kuma duk unguwa ta san ta. Ba a sa dankali a ƙasa sai gilashi ya cika sau huɗu cikin kwana goma. In kwana goma suka wuce bai cika ba, a share a sake ƙirge. Ya ce a littafin kamfani ya ga ruwan farko ya yaudari mutane ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Shekarar da nake faɗi, daminar da ta gabace ta gajeriya ce, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba. Kafin bazara ta kama sosai, accarmu ta ƙare a rumbu. Gwate sau ɗaya a rana, ganye ya fi tsaki yawa, in ka karkata kwano kana ganin gindinsa. Wata rana Bitrus ya dawo da mudun garin rogo, wata rana ya dawo da baƙin mai a hannu kawai. Ni kuma ga ciki wata biyar, na Rahilar nan. Yunwar mai ciki ba ta da kunya, wallahi. Ina tafiya ina lasar gishiri a ɓoye.

Mutanen Kano in suka ji mun ce ana zafi a Jos dariya suke mana. To su yi. A bazarar nan dutse ba ya zaunuwa da rana tsaka. Rijiyarmu ta ja, guga sai ya fito da laka, dole muka koma ɗebo ruwa a tsohon tafkin da masu kuza suka bari, tafiya mai nisa, a dawo a zuba a randa ya kwanta.

Duk arzikin gidan kwando uku ne na irin dankalin Turawa. An baza su a kan toka, ƙarƙashin gadon Baba. Can ya ce a sa, kuma kowa ya san dalili, ba wanda zai kai hannu yana kwance a kai. In irin nan ya lalace babu inda za mu samo wani, don kowa nasa yake lallaɓawa. Ni nake share ɗakin. In na sunkuya na ji ƙamshinsu sai yawu ya cika mini baki.

Ruwan farko ya zo da la'asar, kamar na bana. Hadari ya taso daga wajen duwatsun Shere, baƙi ƙirin, iska ta kwashe mana faifai biyu, sai ga ƙanƙara tana dukan kwano har ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Da ta wuce ruwa ya biyo. Ƙamshin ƙasar nan! Na tsaya bakin ƙofa ina shaƙa kamar in ɗebo in ci. Washegari tun kafin ƙararrawa unguwa ta watse zuwa gona, kowa da garma a kafaɗa da kwando a ka. Ni kuwa ina durƙushe gaban dutse.

"Nawa?" in ji Baba.

"Gilashi biyu cif."

"Madalla. Saura biyu."

Ngo ta riƙe ƙugu. "Saura me? Ba ka ji ruwan jiya ba? Har kaji ya kusa tafiya da su!"

"Na ji. Saura biyu."

Muka je muka yi kunyoyi, Bitrus da Ngo da ni, muka dawo muka bar su ba komai a ciki. Rana ta huɗu aka yi rabin gilashi. Rana ta bakwai wani rabin. Uku ke nan. Masarar maƙwabta ta fito kore shar, layi-layi, gwanin sha'awa. Maman Talatu, wadda gonarta ke jikin tamu, ba ta barina in wuce lafiya. "Malama mai gwangwani! Yau me Bature ya ce? Mu ci abinci ko mu jira?" Ina dariya a fuska, amma raina yana ɓaci. Irinmu kuwa ya fara fitar da dogon tsiro fari, jikinsa yana yamushewa.

Yammacin rana ta tara muna gyaran yakuwa ni da Ngo, ta matso kusa ta yi ƙasa da murya, abin da ba halinta ba ne.

"Ke 'yar nan, gobe kwana goma. In bai cika ba zai ce a share. Iri na mutuwa a ɗaki, shi yana jiran kwalba."

"To ya za mu yi, Ngo?"

"Ai ba gani yake yi ba."

"Yana sa tsinke."

"To tsinke ya san na sama da na randa?"

Ba zan ɗora wa Ngo laifin ba, Allah ya ba ta hutawa. Ba ta riƙe mini hannu ba. Ni ma na gaji da jira, na gaji da tsokana, kuma ina lissafin watan haihuwata ina ganin in ba a shuka yanzu ba me zan ci in shayar.

Da gari ya waye ƙasa ta ɗan yi danshi, an yi yayyafi. Aka kaɗa ƙararrawa. Na juye kwalba, ruwan da ƙyar ya rufe gindin gilashi, layi biyu. Na duba hagu da dama. Na shiga madafa na ɗebo ruwan randa da moɗa, na cika gilashin daidai bakin layi na sama, ban wuce ba, wai don kada abin ya yi yawa. Har na rubuta a littafi.

Baba na zaune bakin ƙofarsa cikin tsohuwar kwat ɗin kamfani. Ya zura tsinke, ya zaro, ya shafa.

"Cikakke?"

"Cikakke, Baba."

"Yayyafin nan da na ji?"

"Ya ɗan yi ƙarfi wajen asuba."

Ya tsiyaya a tafin hannu, ya kai fuska. Ya ɗan dakata. Sai ya wanke idonsa kamar kullum, ya goge da hannun kwat.

"To. Ke ce idona, Saratu. Abin da kika gani shi ne. A fito da iri."

Ngo saura kaɗan ta yi guɗa. Bitrus ya fasa zuwa gareji. Muka jawo dankalin daga ƙarƙashin gado a hankali don kada tsiron ya karye, muka cika kwanduna uku, kowa ya ɗauki ɗaya. Baba ya ce zai bi mu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ina gaba yana baya.

A gona Bitrus ya kai wa kunya sara ɗaya. Yatsa biyu na sama ne baƙi, ƙasansa fari fat, busasshe, yana zubowa kamar gari. Ya kalla, ya kau da kai, don shi ma so yake a gama. Na ɗauki dankali ɗaya. Ba nauyi, duk ya saki, ga tsironsa mai laushi. Rana ko ɗagawa ba ta gama yi ba amma ƙasar da ɗumi. Na san abin da zai same shi a ciki. Hannun Baba yana nan a kafaɗata, yana ɗan rera waƙar coci ta hanci, hankalinsa kwance, don idonsa ya ce masa an yi ruwa.

Na kasa sunkuyawa.

"Baba, ƙarya na yi."

Waƙar ta tsaya.

"Ruwan randa ne. Ni na zuba. Na sama bai kai ko'ina ba."

Ngo ta daka tsalle. "Ke! Wa ya tambaye ki?" Bitrus ya jefar da garma ya ce, "Haba Saratu! Haba!" Ban san ko don ƙaryar yake faɗa ba, ko don na tona ta.

Baba ya ce, "Na gaskiyar nawa ne?"

"Layi biyu."

"Sai ki gyara littafi."

Shi ke nan abin da ya ce. Da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi.

Ngo ta ce tunda an riga an zo a shuka kawai, Allah na nan. Bitrus yana kallon uwarsa yana kallon ubansa. Ni dai na mai da dankalin cikin kwando, na durƙusa na ɗora a ka, na ce, "Baba, riƙe ni mu tafi." Dole suka biyo mu da sauran. Muka ratsa gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya da irinmu a ka. Maman Talatu ta miƙe daga sunkuye ta ce, "A'a! Dankalin ne ya ce bai shirya ba?" Har yaran da ke kiwon awaki sai da suka yi dariya. A hanyar nan na ƙudura a raina, tunda na sha wannan kunya, irin nan ba zai shiga ƙasa ba sai gilashi na huɗu ya cika da ruwan Allah. Daga ranar na fi Baba taurin kai.

Sai sama ta rufe bakinta. Kwana goma sha shida ina rubuta babu, babu, babu, har na gaji da ganin kalmar. Kullum da la'asar hadari zai haɗu, a fito ana kallo, a jera bokitai ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi. Masarar mutane ta murɗe, ta yi ruwan toka, ta kwanta. Waɗanda suka tona kunyarsu suka tarar dankalin ya dahu a ciki, ya yi laushi yana wari. Kada wani ya ce mun ji daɗi. Ba mu ji ba. Maman Talatu ta daina tsokanata, in mun haɗu a tafki sai gaisuwa a gajarce, ni kuwa da tsokanar ce ma ta fi mini.

Namu ma ba lafiya yake ba. Kowace safiya in na dawo daga gwangwani sai in rarrafa ƙarƙashin gado da cikina, in juya su ɗaya-ɗaya, in ƙara toka, in tsame wanda ya ruɓe kafin ya shafi ɗan'uwansa. Kwando uku ya koma biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Ngo ta daina yi mini magana, sai dai tukwane su ji a jikinsu.

Wata rana da tsakar rana na shigo na tarar ta cika ƙwarya da irin, za ta fita da shi.

"Gara mu ci da ya ruɓe a banza," in ji ta, ba ta ko kalle ni ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa. "Ngo, sai dai ki bi ta kaina."

Ni da ban cika shekara biyu a gidan ba, ina faɗa wa uwar mijina haka! Har yau in na tuna sai jikina ya yi yar. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta daɗe. Sai ta juya ta zube dankalin a kan toka. Da yamma da aka raba gwate na ga ta juye nata cikin kwanona. Na ce a'a, ta ce, "Ba ke na ba ba." Na sha ina hawaye.

Tsoro kuwa na ji shi. In ruwan bai zo ba fa? In na kashe irin da jira, bayan an riga an kai shi bakin kunya? Na sami Baba na ce, "Baba, yaushe zai zo?"

"Ban sani ba."

"Duk shekarun da ka yi kana aunawa?"

"Gwangwanin nan jiya kawai yake faɗi, 'yata. Ba ya faɗin gobe."

Ya zo ranar Lahadi, muna coci. Fasto na tsakiyar wa'azi aka fara jin ɗigo a kwano, ɗaya, biyu, sai kamar an ɓalle. Ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa, daga baya ya rufe littafi ya zauna yana murmushi. Ba irin na farkon ba ne mai iska da hayaniya. Wannan a tsaye yake sauka, a natse, har yamma bai ɗauke ba. Muka dawo gida a jiƙe, haƙora na kaɗawa don sanyi, ba wanda ya yi ƙorafi. Litinin da safe gilashi uku. Ngo ta buɗe baki, ta dube ni, ta mai da shi ta rufe. Litinin ɗin ba a yi ba. Talata da rana aka sake yi.

Laraba tun kafin ƙararrawa ina tsaye kan gwangwani, amma ban taɓa shi ba sai da aka kaɗa. Na cika gilashi, ga saura a kwalba. Ɗaya da rabi. Na manta da ciki, da gudu na iso.

Baba ya zura tsinke ya shafa. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo.

"Yauwa. Wannan kam bai biya ta randar Ngo ba."

Na yi sororo. "Baba, ashe ka sani?"

"Randar da ake turarawa da hayaƙi duk Asabar? Ido ne ya mutu, hanci na nan."

"To me ya sa ka ce a fito da iri?"

"In na kama ki ranar, gobe sai ki nemo ruwan da ba ya ƙamshi. Ni kuma ba ni da wani idon."

"Da na shuka fa?"

"Da mun sha wuya. Amma hannuna na kan kafaɗarki, ina jin yadda kike rawa tun daga gida."

Ya wanke idonsa, ruwan yana gangarowa cikin gemunsa. Sannan ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya yi ba. "Ngo! A fito da iri!"

Ba mu kaɗai muka yi shukar ba. Maƙwabtan da nasu ya ƙone suka fito da garemani ba wanda ya kira su. Taɓo har idon sawu, iska mai sanyi tana shiga ƙashi. Maza suna gyara kunyoyin da ruwa ya zabtare, mu mata muna raba manyan dankalin biyu, mu dangwala a toka, don ya auku. Ko ina ka sa hannu danshi ne har wuyan hannu. Da aka kusa gamawa Ngo da kanta ta cika ƙwarya, waccan dai ƙwaryar, ta miƙa wa Maman Talatu ta ce ta je ta sa a nata. Maman Talatu ta karɓa da hannu biyu, ta dube ni ta ce, "Malama, a gaishe mini da Bature." Ranar ce na fara jin daɗin sunan.

Ba wani amfanin a zo a gani muka samu ba. Amma mun ci, mun ajiye iri, kuma satin da aka fara tono na haifi Rahila. Abincin farko da na sa a baki bayan haihuwa dafaffen dankalin nan ne da gishiri da manja.

Baba ya ƙara damina huɗu a duniya. Littafin bai tsaya ba bayansa, sai dai na sake wani in ya cika. Gonar kuwa gidaje sun cinye ta, abin da ya rage mini ɗan fili ne a bayan gida, kunya goma sha biyu. Yanzu ni ce yanar ta fara leƙa wa ido. Layin gilashi ya ɓace mini tun bara, lambobin waya ma dishi-dishi nake gani. Shi ya sa Rahila ke bugowa ta karanta mini. Ita ce idona, ko da yake ban taɓa faɗa mata da wannan kalmar ba.

Yau da safe ta bugo, kwana na takwas da ruwan Talatar nan. Waɗanda ke da sauran fili a unguwa duk sun shuka tun washegari.

"Mama, ki shuka mana. Ai ya kai inci biyu, kusan."

"Kusan? Nawa na'urarki ta ce?"

Ta ce, "Ɗaya da rabi."

"To haka za ki ce. Kada ki ƙara mini ko ɗigo."

"Haba Mama, rabin inci ne fa kawai."

"Na san shi. Na taɓa ɗebo shi da moɗa, kina wurin."

"Ni? Yaushe?"

Na ce ta riƙe wayar. Na lallaɓa da sandata zuwa gwangwanin Baba, na juye na jiya a gilashi, na zura tsinke na shafa. A nan tsaye na ba ta labarin duka, wanda ban taɓa ba ta ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, ita da bakinta irin na Ngo ne. Da na gama na tsiyaya ruwan a tafin hannu na wanke idona. Sanyinsa yana nan yadda ya faɗa.

Can ta ce, a hankali, "To Mama, a naki saura nawa?"

"Saura gilashi ɗaya."

Rabin kwandon irina yana ƙarƙashin gado a kan toka, kuma yau ma can zai kwana.